Inna Ta Shanye Jamusancina

Tambuwal

Zuwa ga Yaya Umaru a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali? Yaya jikin maiɗakinka da yara? Mu nan lafiya lau, sai dai gajiya.

Gwamnatin Jihar Arewa za ta tura wasunmu malaman dabbobi ƙaro ilimi Jamus, amma sai wanda ya ci jarrabawar harshensu a Kaduna. Yaya, harshen nan ya ishe ni. Shanu "Kühe" ne, ka ƙara harafi guda sun koma "Küche", wato madafa. Karatun takarda ya ƙi zama a kaina, don haka yanzu bisa tsohon allona nika rubuta kalmomin da ajami, in yi ta biyawa yadda muka saba gaban Baba.

Ran Laraba na tafi Kebbe allurar shanu, na bar allon cike a ƙofar ɗakina. Na dawo na iske shi fes. Ashe Inna ta zaci addu'a ce, ta wanke ta shanye saboda ciwon gwiwarta.

Duk wahalata ta tafi, ga jarrabawa ta matso. Ina zaune ta leƙo ta ce, "Bello, rubutun nan naka ya karɓe ni, yau har rijiya na taka. Ƙaro mini."

Ka sa ni a addu'a, ka gaida kowa da kowa. Kuma ka ba ni shawara: in gaya mata gaskiya gwiwar ta dawo, ko in yi shiru?

Ƙanenka,
Bello