Aron Isufu

Yaya Sani,

Ina gaisuwa. Ya ƙarfin jiki, ya Hajiya da yara, ya Damagaram?

Ka ji ikon Allah. Ƙungiyar balon da ɗana Isufu yake bugawa a Maroko ta ba wata aronsa. Ran Lahadi su biyun suka kara. Na tara maƙwabta gaban tele, sai ga Isufu zaune cikin ƴan kallo. Na kira shi raina ɓace. Ya ce, "Baba, a takardar aron suka rubuta kada in buga ranar, don kar in ci su."

Yaya, yaron da muke aike Petit Marché sayen tattasai, yau tsoronsa ake har a rubuce!

Ka sa shi a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanenka, Mamman