Askin Baba

Litinin, 3 ga Maris
Lauyar nan ta sake zuwa shago, karo na uku. Ta zauna kan bencin masu jira da takardunta kamar ita ma aski ta zo yi. Maganar dai ita ce: matan nan huɗu da aka kashe a bayan masaƙa shekara talatin da shida da suka wuce, da Makanikin da aka ɗaure rai-da-rai a kan shaidar Baba. Wai tana so a sake duba shari'ar. Na ce mata ina ɗan shekara tara aka yi abin, me na sani? Baba kuwa ya haura tamanin, ɓarin jikinsa ya shanye. A bar tsoho ya huta mana.

Laraba, 5 ga Maris
Ta bar min kwafin shaidar. Ban roƙa ba. Na ɗora kwalin reza a kai.

Asabar, 8 ga Maris
Na karanta, don ba kowa a shago. Ba sabon abu, labarin da muka tashi muna ji ne har muka haddace. Baba ya ga mutum da hantsi yana fitowa daga lungun masaƙa, ta baya ya gan shi, ya gane Makaniki ne ta ƙeya. Layin askin ya karkata hagu, shi ya yi masa da hannunsa kwana biyu kafin nan. Wani mai sayar da jarida kuma, shi ma shaida, ya rantse wanda ya gani dogo ne, Makaniki kuwa gajere. Alƙali ya ɗauki ta Baba. Mai jarida ya mutu ana ce masa maƙaryaci, har mu yara mun bi shi da sunan, Allah ya yafe mana.
Takardar yabon da 'yan sanda suka ba Baba tana nan saman madubi cikin gilashinta. Ita nake fara gogewa kullum.

Lahadi, 9 ga Maris
Lauyar ta kira ni ina tsakiyar gyaran gemun mutum. Tambaya ɗaya wai: kai nawa Baba ya aske a wancan makon? Ni na ƙirga? Na kashe wayar, na kusa yanke bawan Allah. Matar nan ta ishe ni, wallahi.

Talata, 11 ga Maris
Na kai wa maman yara ƙorafi, ina neman wanda zai taya ni faɗa. Tana ninke kaya ko kallona ba ta yi ba, ta ce ai ita tun tana amarya ta lura mazan unguwar nan ƙeya ɗaya gare su, ko a layin asibiti ta baya take gane 'yan shagonmu. Dariya ma take yi. Na ce me ta sani a aski? Na fita ban ci abincin ba, kuma yunwa nake ji.

Alhamis, 13 ga Maris
Kai goma sha ɗaya yau. Na riƙa tsayawa ina kallon ƙeya kamar sabon shiga. Duk sun karkata hagu, har na ɗan malamin makaranta. Baba bahago ne, haka hannunsa yake tafiya. Ni ba bahago ba ne, amma haka ya koya min, da ranƙwashi ma, har na ɗauka haka ake aski a duniya.
Wannan ba ya nufin komai. Ni kaina nake jin haushi, da na tsaya dubawa.

Juma'a, 14 ga Maris
Lauya ta aiko saƙo. Makaniki yana asibitin gidan yari, ciwon ƙoda. Yanzu ni zan warkar da shi?

Lahadi, 16 ga Maris
Ranar askin Baba. Na zaunar da shi a tsakar gida, na ɗaura masa ƙyalle, yana ta mita wai rezata ba ta ci. Da na zo ƙeya sai na ji bakina ya tambaye shi, kai nawa yake yi a mako a wancan zamani. Ya ce sittin zuwa saba'in, ai shi kaɗai ne a unguwar. Na ce duka da layin nan?
Sai ya ce, "Ni askina na ce na gani. Suka ce na wa, na faɗi wanda ya zo min a rai. Daga nan kowa sai sannu da ƙoƙari."
Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa tun tuni?"
Ya ce, "Wa ya tambaye ni?"
Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na rasa wanne zan fara. Na ƙarasa askin.

Talata, 18 ga Maris
Na sauke takardar yabon. Ƙusar ce ta yi sako-sako, ba wani abu ba. Tana cikin durowa, ƙarƙashin tawul.
Lauya za ta zo gida jibi da na'urar ɗaukar magana. Don dai ta bar ni in sarara ne. Baba ya ce a goge masa farar rigarsa.
Wani tsohon kwastoma ya duba ƙeyarsa a madubin hannu, ya ce yau layin ya miƙe, lafiya? Na ce rezar ce sabuwa.