Ƙarambau Ya Dawo Mini da Tsufa

Ƙanena abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali. Mu nan alhamdulillahi, jikoki suna makaranta, maigidan kuma yana nan da gardamarsa ta kullum.

Kada hankalinka ya tashi, na ɗan kwanta kwanakin baya. Wasu ƙuraje masu zafi kamar wuta suka fito mini a gefe ɗaya na haƙarƙari. Likita ta duba, ta ce ƙarambau ne na yarinta. Wai ƙwayar ba ta barin jiki, kwanciya take yi, sai ƙarfi ya ragu ta farka. Na yi dariya duk da zafin, na ce mata ai na san wanda ya kwaso mana shi daga makaranta.

Dariyar ta tsaya da likitar ta ga 'yarka autata, wadda ke jinyata da tsohon ciki. Ta ce in ba ta taɓa yin ƙarambau ba, akwai hatsari gare ta da abin da ke cikinta. Na kasa tunawa ko ta yi, domin yarana duk ciwonsu ya cakuɗe mini. Aka ɗebi jininta, muka koma gida, ta daina shiga ɗakina, sai dai ta ajiye mini ruwa a bakin ƙofa. Da sakamako ya fito, likita ta ce tana da garkuwa. Ta bayyana mana cewa jini yana ajiye masu gadi na kowace cuta da mutum ya sha, na ƙyanda daban, na hangum daban, na mura daban, kuma wasu ƙwayoyin dangin juna ne, har mai gadin wannan yakan so ya gane waccan. Ranar na ci abinci sosai.

Tun daga nan nake tuna ɗakinmu na baya, mai taga ɗaya. Ni da kai kan katifa guda, Inna ta shafe mu da farin magani har muna tsoron juna. Baba ya daina taka keken ɗinkinsa da rana don mu yi barci, sannan ya ɗinka mana safar hannu da guntayen yadi kada mu sosa. Kai ka cire taka da haƙori, shi ya sa kake da tabon nan a goshi. Inna da Baba sun rasu, an mai da ɗakin shago, amma likita ta ce makon da muka yi muna jinya yana nan rubuce a jininmu.

Saboda haka ka je asibiti, ka tambaya ko akwai rigakafin ƙarambaun tsufa a wajenku. Kada ka ce sai gobe, na san halinka.

Ka gaishe mini da matarka, da babban ɗanka, da takwarata. Autata ta ce in namiji ta haifa sunanka zai ci, don haka ka fara shirin zuwa.

Taka har kullum,
Yayarka