Muryar Inna Tana Kulle a Wayar Baba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ke yin manhajar wayoyin hannu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a unguwar Harobanda, nan Yamai. Na rubuta a bainar jama'a ne domin na gaji da ƙetara gada zuwa wurin wakilinku. Kullum amsarsa ɗaya ce, wai sharuɗɗa sun hana.

Na ɗaya. Ciwon suga ya cinye wa mahaifina idanu. Bara muka ji cewa sabuwar manhajarku, wadda kuke gwaji ba ku saki ba tukuna, tana karanta wa makaho abin da ke fuskar waya, ta faɗa masa sunan mai kira. Amma kun ce sai a kan wayoyin da ku kuka ƙera. Ranka ya daɗe, malamar lakwal ba ta shiga shagon irin waɗannan wayoyi sai dai don kallo. Sai na kai tsohuwar wayar Baba wurin wani mai gyara kusa da kasuwar Petit Marché, ya ɗora mata manhajar. A nan ba ma yar da waya, gyara ake yi mata har jikoki su gada. Wani dogon rubutu ya fito da Turanci, muka danna alamar yarda kamar yadda kowa ke yi. Ranar Baba ya kira ƙanensa da kansa bai roƙi kowa ba, yana ta dariya.

Na biyu. Ba a daɗe ba Inna, mahaifiyata, ta kwanta ciwo, ƴan uwanta suka ɗauke ta zuwa Tahoua jinya. Inna ba ta karatu, saƙon murya ne wasiƙarta. Kowace safiya tana aiko wa Baba ɗaya. Ta tambayi kwanansa, ta yi masa faɗa kan sukarin da yake satar zubawa a shayi, ta ce a gaida maƙwabta. Kafin babbar salla Allah ya yi mata rasuwa. Tun daga nan, in Baba ya dawo masallaci da asuba, sai ya zauna kan tabarma ya kunna saƙonninta ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har yana amsa mata.

Na uku. Wa'adin gwajinku ya cika, wayar ta kulle, babu gargaɗin da muka gane. Mai gyara ya ce zai iya tada ita, amma sai ya share duk abin da ke ciki. Wakilinku ya ce mabuɗin yana hannunku, sai dai ba ku taɓa wayar da ba taku ba. Wayar Inna kuwa, a rabon kayan mamaciya aka ba wata jikarta, yarinyar ta goge komai ta sa layinta. Babu sauran inda muryar take a duniya sai cikin wannan waya.

Na gane kuna tsoron a yi wa aikinku kutse, ko a zarge ku in abin da ba ku gama gwadawa ba ya lalata wayar wani. Amma wallahi zuciyata tana ciwo. Wanda ya rubuta sharaɗin nan bai taɓa ganin tsoho makaho yana shafa waya da yatsa yana jiran ta yi magana ba.

Ga roƙona. Ku buɗe mana ita sau ɗaya, ko na ƴan mintoci, mu kwashe saƙonnin, sannan ku sake kulle abinku. Gaba kuma, in za ku rufe wayar mutum, ku faɗa masa tun da wuri cikin harshen da yake ji.

Ina roƙo ku hanzarta. Jiya Baba ya tambaye ni, da "Malam" Inna take fara saƙonta ko da sallama? Ya ce yana ƙoƙarin jin muryarta a ransa, ta fara ɓace masa. Ni ma na kasa tunawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya bar ka da iyayenka, in sun riga mu gidan gaskiya ya jiƙan su.

Wassalam.

Malama Hadiza,
Harobanda, Yamai.