Ƙorafi a kan Ya'u Haris da Ƙafafun Zarƙa

Daga:
Rabi'a Muntaka,
Hawa na biyu, Benen Saleh, bayan rumbunan katako,
Khumra, Jidda.

Laraba, 6 ga Rabi'us Sani 1446 (9 ga Oktoba 2024)

Zuwa ga:
Mai Girma Alhaji Zaharadden Majid,
Shugaban Kwamitin Sulhu na Hausawan Khumra.

Ta hannun Sakataren Kwamiti, Malam Abdulghaffar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

GAME DA: ƊAUKE DABBAR 'YATA DAGA ƊAKINMU DA AZABTAR DA ITA A BAINAR JAMA'A

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni Rabi'a Muntaka, haifaffiyar unguwar Karantina a nan Jidda, matar marigayi Badr, ina gabatar da wannan ƙorafi a rubuce kamar yadda Sakatare ya umarce ni ranar Litinin. Da baki na fara kawo shi, amma dariya ta hana shi saurarena har ƙarshe. Ina fatan takarda za ta fi ni sa'a. Wanda nake ƙara shi ne Malam Ya'u, haris ɗin benenmu, wato mai gadi kuma mai riƙe da makullan kowa.

1. Dabbar da ake magana a kai gizo-gizo ne, irin mai gashin nan da ake kira tarantula, na kan bishiya, shuɗi, ɗan ƙarami da bai wuce tsawon yatsa ba. 'Yata Ilham ta raɗa masa suna Zarƙa, wato shuɗiya da Larabci, don haka daga nan "ita" zan riƙa cewa. Ba zan ɓoye wa Mai Girma ba, ranar da ƙawarta Afnan ta kawo ta cikin azumin da ya wuce, da takalmi a hannu na tare su.

2. Ilham shekararta ashirin da shida. Tun da aka rushe gidanmu na Karantina, mahaifinta kuma ya rasu wata huɗu bayan nan, ta shige ɗaki ta daina magana da mutane. Fiye da shekara biyu, in ba asibiti za mu ba, ba ta taka matakala. Wannan halitta da na raina ita ta tashe ta. Da hannunta ta huda doguwar roba ta gefe biyu don iska ta riƙa ratsawa, ta kafa ɓawon itace a tsaye saboda Zarƙa ba ta zaman ƙasa, a can sama take saƙa ɗakinta. Kullum da safe sai Ilham ta sauya ruwan da ke cikin murfin kwalba. Sau biyu a mako tana ba ta ƙaramin gyare, in ba ta ci ba ta cire shi kafin gari ya waye. Ranar da Zarƙa ta kwanta rigingine tana saɓa na ce ta mutu, mu zubar. Ilham ta riƙe min hannu, ta yi min bayanin da ya fi duk maganar da ta yi a shekara biyu tsawo. Na shiga kicin na yi kuka, ban bari ta gani ba.

3. Ranar Asabar 14 ga Satumba, Malam Ya'u ya fara feshin maganin kyankyaso a bene. Ilham da kanta ta sauka, ba tare da na raka ta ba, ta roƙe shi da 'yar Hausarta mai gauraye da Larabci cewa ya tsallake ƙofarmu, domin warin maganin kaɗai ya isa ya kashe Zarƙa. Da ta ga ya tsaya yana sauraro har da gyaɗa kai, sai ta saki jiki. Ta faɗa masa abin da Zarƙa take ci da yadda take saɓa, har ta faɗa masa cewa in ƙafarta ta cire, wata tana tsirowa a saɓa ta gaba. Yarinyar ta ɗauka ta yi aboki. Ya bari ta hau sama, sannan ya zo ya fesa maganin ta ƙarƙashin ƙofarmu har sau biyu. Da jiƙaƙƙen tsumma muka toshe.

4. Ni na kai ƙararsa wurin mai bene, wanda ya yi masa faɗa a gaban mutane. In akwai laifi a nan, nawa ne. Ilham ba ta ma san na je ba.

5. Ranar Asabar 5 ga Oktoba na kai Ilham ganin likita. Kafin mu dawo, ya buɗe ɗakinmu da makullin da aka ba shi amana, ya ɗauke Zarƙa. Ya bar mana robar a tsakar ɗaki, ya yage saƙarta ya shafe a jikin ƙofa. Bai musa ba da na tambaye shi. Cewa ya yi aikinsa ne kawar da ƙwari.

6. Ranka ya daɗe, da kashe ta ya yi, da ban dame ka da takarda ba. Ya juye ta a gwangwanin madara, ba ruwa, ba abin hawa. Tun daga Lahadi 6 ga wata, kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa kwali daidai ƙarƙashin tagarmu, ya kira direbobin rumbunan katako da masu zaman shayi, ya danne ta da cokali, ya sa hantsaki ya cire ƙafa ɗaya. Ɗaya tak a rana, ba ya ƙari, don shi mutum ne mai tsari. A ranar farko ya ɗaga ƙafar sama yana kallon tagarmu ya ce: "Ai ke kika ce tana tsirowa. Halas, shi ke nan, mu gani." Magidanta masu furfura suka yi dariya, wasu suna ɗauka a waya. Ya maimaita ranar Litinin 7 ga wata, ya maimaita jiya Talata. Ƙafafun yana jera su a kan akwatin mitar wuta inda duk mai hawa bene zai gani. Daga takwas, yau saura biyar.

7. Na rufe tagar, Ilham ta buɗe. Tana tsayawa daga farko har ƙarshe, ba ta kuka. Abinci rabonta da shi tun Lahadi. Har yanzu kowace safiya tana zuba sabon ruwa a murfin kwalbar, cikin robar da ba komai.

8. Mai Girma zai tambayi abin da ya hana ni zuwa wurin 'yan sanda. Mahaifin Ilham ne kafilinta, wato mai ɗaukar nauyinta a takarda, kuma tun rasuwarsa iƙamarta, takardar izinin zama, ta ƙare, muna kan neman gyara. Malam Ya'u ya san haka. Ya tare ni a matakala ya shaida min, cikin ladabi har da kirana Hajiya, cewa ranar da na buɗe baki zai ce sihiri muke yi da ita, sai a zo a duba takardun kowa. Kai ka san inda irin wannan magana take kai mutum a ƙasar nan. Ilham ba ta taɓa ganin wata ƙasa ba in ba wannan ba.

9. Sakatare ya ce zaman kwamiti na gaba sai Asabar 19 ga Oktoba, kuma akwai manyan batutuwa a gabana. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma lissafina ya nuna min cewa ƙafafun za su ƙare ranar Lahadi 13 ga wata.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, nake roƙon Mai Girma ya turo dattijo guda da Malam Ya'u yake jin nauyinsa, yau kafin la'asar, ya karɓo mana ita. In ta sami ruwa da inuwa, akwai fatan ta rayu. Ina kuma roƙon a karɓe makullin ɗakinmu daga hannunsa, a ja masa kunne kan maganar sihiri.

Akwai roƙo na ƙarshe wanda ba nawa ba ne. Da safen nan Ilham ta same ni ina rubutu, ta tsaya a kaina, ta haɗa maganar da Hausa tsantsa don kada Mai Girma ya kasa fahimtarta. Ta ce: "Umma, in ba zai ba su ita ba, ki ce su roƙe shi ya taka ta sau ɗaya, da ƙarfi. Ni na yarda." Na rubuta yadda ta faɗa. Idan abin da kwamiti zai iya samo mana ke nan, za mu karɓa da godiya.

Allah Ya ƙara wa Mai Girma lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya. A gafarta min tsawon takarda.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Rabi'a Muntaka