Sa Hannun Ranar Litinin

'Yata,

Ya jikin mahaifiyarki, ya shirin biki? Ni lafiya lau, sai gajiya.

Kin ji an kai ni kotu kan marin da na yi wa abokin aiki. Alƙali bai ɗaure ni ba. Ina ɗakina, ina aikina, amma duk Litinin sai na sa hannu a ofishin da kotu ta tura ni, kuma ba barin gari sai shekara ta cika.

Na roƙi jami'ar da nake sa hannu a gabanta izinin zuwa bikinki, kaina a sunkuye don ladabi. Ta ce mai gaskiya ido yake kallo. Da tsufana! Na gwada, na kasa, ta hana.

Kada a ɗaga biki saboda ni. Baffanki ya zauna a madadina. Allah ya yi miki albarka.

Babanki