Hutun da Yaya Iliya Bai Samu Ba

Tamanrasset, Nuwamba 1996

Zuwa ga yayata Gwamma, a Tsibiri,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, da Inna da ciwon gwiwarta. Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kun shigar da hatsi rumbu lafiya. Mu nan muna cikin alherin Ubangiji. Maigidan yana fama da aikin gininsa, 'yarmu Rahila ta shiga lekkol, makarantar boko, har ta fara mayar mini da magana da Larabci, ni kuwa sai ido.

Yaya, maganar ɗan'uwanmu Iliya ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ina rubutu ne zuciyata a karye. Kin san shekarun nan yana can arewa, a Alje babban birnin ƙasar nan, yana hidimar 'yar majami'ar baƙi, ɗalibai da 'yan ci-rani da marasa lafiya. Yanka da bama-baman da muke ji a rediyo, shi a ƙofarsa ake yin su. Shi ke zuwa asibiti gane gawa, shi ke binnewa, shi ke sanar da iyaye. Tsohon da suke aikin tare, wanda ya riƙe shi kamar ɗa, an harbe shi a hanyar kasuwa, kuma Yaya Iliya ne ya ɗauko shi. Bayan haka ne shugabanninsu suka ce ya sauko wurinmu ya huta wata guda, tunda nan kudu Allah ya tsare mu da wannan fitina.

Ranar da ya sauka a tasha sai da na wuce shi ban gane shi ba. Furfura ta cika masa kai, riga tana yawo a jikinsa. Na gyara masa ɗakin baya, na ce masa ya kwanta har ya gaji da kwanciya. Ya ce abin da ya zo nema ke nan, barci kawai.

To, kin san maigidan da baki. Murna ta cika shi, ranar Lahadi ya miƙe a wurin sujada ya ce Allah ya kawo mana fasto mai jin Hausa, surukinsa ne, yana gidansa. Ban ga laifinsa ba sosai, an daɗe a garin nan ba wanda ya yi mana wa'azi da harshenmu. Washegari tun rana ba ta yi zafi ba aka fara sallama. Mutanen Maraɗi, mutanen Damagaram, 'yan Najeriya masu jiran motar arewa, har waɗanda ba su taɓa taka gidanmu ba. Kowa da kwanon abincinsa, kowa ya zo barka da zuwa. Ke faɗa mini, Yaya, wa aka haifa a gidanmu da zai iya korar wanda ya zo gaisuwa? Sai na shimfiɗa tabarma na ɗora shayi. Kuma bayan gaisuwar kowa da kayansa a baki. Wannan ɗansa ba lafiya a yi masa addu'a, wannan mijinta ya shiga hamada ba labari, waɗannan suna zaune tare ba a ɗaura musu aure a majami'a ba, wancan yana son baftisma kafin ya hau hanya. Bai taɓa ce wa ko ɗaya je ka dawo ba. In na ce yana barci, sai ya ji muryarsu ya fito yana gyara hula, har ya harare ni.

Ana nan sai ran nan Baba Laure, tsohuwar nan 'yar Konni mai sayar da ƙosai, ta zo. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaye shi ina gajiya, kamar yadda kowa ke tambaya. Duk kwanakin nan babu gajiya yake amsawa. Ran nan kuwa ba haka ya amsa ba. Ya dube ta, ya ce mata akwai gajiya, sai ya fashe da kuka a gaban mutane, kuka irin na yaro. Tun rasuwar Babanmu ban ga hawayensa ba. Kowa ya sulale ya tafi.

Maƙwabcinmu Malam Abdulbaƙi, Musulmi ne mutumin Agadas, yana da lambu a Outoul, can bayan gari, da ɗan ɗaki a ciki. Shi ya kira maigidan ya ce mutumin nan ba magani yake buƙata ba, a kai shi lambu a bar shi da tumatir da kukan tsuntsaye. Allah ya saka masa. Muka kai shi a ɓoye. Da na kai masa abinci na tarar da shi yana barci a gindin ɓaure, baki buɗe, na zauna ina kallonsa ina gode wa Allah.

Ashe ban san mutanenmu ba. Labari ya bazu cewa fasto ba shi da lafiya, kuma kin san dubiya ta fi barka da zuwa nauyi, wanda bai je ba sai a ce ba shi da zumunci. Suka tsananta wa maigidan da tambaya har ya faɗa. Sai ga taksi cike, mata da langar abinci, maza da littattafan waƙa, sun zo yi masa addu'a. Suka kewaye shi suna waƙa, da aka gama kuwa aka ce fasto ya sa albarka. Ya miƙe ya sa. Wallahi da ƙauna suka zo, Yaya, shi ya sa abin ya fi ci mini rai, don ba wanda zan kama na yi wa faɗa.

Hutunsa bai kai rabi ba ya ɗaure jakarsa. Na roƙe shi, na yi kuka, na ce zan zauna a ƙofa da muciya. Ya yi ɗan murmushi ya ce kada na ɓata da mutane saboda shi, ni ce zan ci gaba da zama da su. Ya ce a can Alje da yamma ta yi tsoro yana hana kowa buga ƙofar kowa, mutum yakan samu ya zauna shi kaɗai. Ki ji fa, ɗan'uwanmu ya bar gidana ya koma cikin yaƙi don ya samu shiru. Na raka shi tasha, motar ta tashi bai waiwayo ba.

Ga roƙona. Ni ba ya jin maganata, shugabanninsu kuma ba su da wanda za su sa a madadinsa. Amma bai taɓa tsallake maganar Inna ba. Ki sa ta yi magana a kaset, ta ce tana kiransa gida, ki ba direban kamyon, motar kayan nan, da ya kawo miki takardar nan, ni zan san yadda zan aika masa. In Allah ya sa ya amsa, kada a kai shi Tsibiri. A wuce da shi tungar Kawu Maman, kada dattawan ekklesiya su ji, kada a ce ya yi ko addu'ar abinci. Ku bar shi ya yi barci, in ya farka a ba shi fura.

Ki gaida Inna da kyau, ki gaida maigidanki, da Kawu Maman da iyalinsa, da Saratu da 'yan biyunta. Maigidan da Rahila suna gaishe ku. Yaya Iliya bai ba ni saƙon gaisuwa ga kowa ba, ni kuma ban tambaye shi ba.

Ƙanwarki,
Rakiyatu